Bulok ɗin Jar Motar Baba

Batsari, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Mahfuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda har yanzu ba a maido da layukan waya ba, na ba Nurain direban a-kori-kura wannan takarda, ya ce gobe zai bi ta Safana.

Yaya, na gano inda bulok ɗin jar motar Baba yake. Na san za ki ce mene ne kuma bulok. Shi ne gangar jikin inji, baƙin ƙarfen nan mai ramuka da fistan ke hawa da sauka a ciki. Wanda na ɗaura wa motar da Ƙaramar Sallah na wata Datsun ne da aka ƙera bayan tamu da shekaru. Ya zauna daram, ya kuma tashi, amma ai kina wurin. Baba da ba ya gani ya saurara kaɗan, ya ce in kashe, wannan ba muryarta ba ce. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tun da na sauke shi nake bin kasuwannin kayan mota, Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, lungu-lungu, ba mai na shekarar saba'in da biyu. Wasu ma dariya suka yi mini.

Ashe nata na asali bai bar ƙasar Batsari ba. Wani dattijo mai suna Mati, cikin waɗanda suka gudo daga ƙauyukan bayan Yasore, ya kawo mini gyaran injin ban-ruwa. Muna hira ya ce mahaifinsa ne ya karɓi injin wata mota mai ƙofa biyu a Safana shekarar yunwa, ya ba da gero, ya mai da shi injin niƙa. Ya yi ta niƙa har kan injin ya ƙone, suka ajiye gangar. Bara da 'yan bindiga suka tashe su, Mati ya shafe ta da baƙin mai, ya naɗe da buhuna, ya binne a gindin rumbunsa don kada 'yan gwangwan masu tara tsohon ƙarfe su kwashe.

Tana can a ƙasa yanzu haka. Ki gaida Baba, amma kada ki gaya masa tukuna.

Ƙaninki,
Almustapha

Safana, ranar Laraba

Almu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Ka gaida matarka Asama'u, ka ce na jinjina mata da take iya zama da mutumin da hankalinsa ke cikin ƙarfe.

Ka ce kada in gaya wa Baba, sai ka ce ba ka san Baba ba. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Yana jin ƙarar motar Nurain ya ce in karanta masa. Na fara, ina tsallake inda ya kamata in tsallake, sai ya ce, "Mahfuza, koma ki karanta abin da kika haɗiye." Da na zo kan Mati ya tashi zaune da kansa, mutumin da sai mun kama shi. Ya ce, "Ɗan gidan Jinjiri mai niƙa. Ashe suna da amana." Ranar ya cinye tuwonsa tas, rabon da ya yi haka tun farkon damina.

Ina jin haushinka, kuma ina jin haushin kaina da na ji daɗin ganin ya ci.

Yanzu ka saurare ni. Na san kanka, na san abin da kake shiryawa ko ba ka rubuta ba. Bayan Yasore ba wurin zuwa ba ne. Masu garin da kansu sun bar gidajensu suna kwana a makarantar firamare, kai kuma za ka shiga neman tsohon ƙarfe. Likita ya ce zuciyar Baba ta gaji, kumburin ƙafa ya kai gwiwa. Na yarda yana son ya ji motarsa ta tashi kafin lokacinsa ya yi, kullum zancen ke nan. Amma ni ce a kansa dare da rana, kuma ba zan iya jinyar uba ina zullumin ƙane ba.

Na roƙe shi ya aiko maka da hani. Sai ya juya fuskarsa bango. Bai ce ka je ba, bai kuma ce kada ka je ba. To ni na ce kada ka je. Ka maido wancan injin da ka sauke, mu ce masa shi ne, Allah ya yafe mana.

Yayarka,
Mahfuza

Batsari, ranar Asabar

Yaya Mahfuza,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, na kuma ji faɗanki, kuma kina da gaskiya a mafi yawansa. Amma batun a maido wancan injin, ki bar shi. Baba ya gane shi tun bai yi zafi ba, ba zan tsaya gabansa in yi ƙarya ya kama ni ba.

Ki tuna geron da aka ba da injin nan dominsa. Ni da ke muka ci shi. Motar da Baturen auduga ya bar masa a Funtuwa ita kaɗai ce abin da ya mallaka na alfahari, ya cire mata inji da hannunsa don mu sha kunu, ya bar ta a rumfa kaji na ƙwai a ciki. Bai taɓa yi mana gori ba. Ni dai ba zan iya zama in san inda ƙarfen yake ba, in bar shi a ƙasa.

Ba kai tsaye zan faɗa ba. Yanzu kaka ce, mutanen daji suna barin manoma su shiga su yanke dawarsu, su kuma su ɗauki rabonsu. Sharaɗinsu ba mota, ba babur, sai ƙafa ko amalanken shanu. Mati zai shiga da amalanke, ni kuma ɗan ƙodagonsa ne. Na ajiye sifana da duk wani abin da zai nuna sana'ata, na goge hannuna da toka da lemun tsami har baƙin ya fita daga farce. Asama'u ta ce yau ta fara ganin launin tafina. Za mu tono shi, mu shimfiɗa a ƙasan amalanke, mu jibga dammunan dawa a kai. Nurain zai tarye mu a bakin titi.

Kwalin da ya kawo miki tare da takardar nan zobban fistan ne da gasket, shimfiɗar da ake sawa tsakanin bulok da kan inji. Ki sa shi inda yara ba za su kai ba. In ƙarfen ya iso, aikin bai fi na mako ba, Baba zai ji muryarta in Allah ya yarda.

Ki yafe mini rashin jin magana, ki sa mu a addu'a.

Almustapha

Safana, ranar Juma'a

Almu,

Salamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ka ba, zan dai ba Nurain ya kai gidanka.

Kasuwar Batsari ta ci ta watse, babu kai babu labarinka. Nurain ya ce ya je bakin titin ya jira har rana ta yi sanyi, bai ga amalanke ba. Asama'u ta aiko tana tambayata, ni ma ita nake shirin tambaya. Duk wanda ya fito daga wancan gefen na tare shi. Wani ya ce ana yankan dawa lafiya, wani ya ce an hana fita, wani ya kalle ni kawai ya wuce.

Baba kuwa sai shiri yake. Ya sa na kori kaji, na share ƙarƙashin motar, na wanke ta da sabulu. Da safe sai a fito da shi rumfa, ya zauna kusa da ita, ya ɗora hannu a ƙofarta yana ba yara labarin yadda take cin titin Funtuwa zuwa Katsina. Numfashinsa yana sama-sama, yana magana yana hutawa, amma ba ya yarda a mai da shi ɗaki.

Na daina faɗa. Tsoro nake ji, Almu. Ka fito, ko da ƙarfe ko babu.

Yayarka

Batsari, ranar Lahadi

Zuwa ga Malama Mahfuza ɗiyar Alhaji Badaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne Mati. Malamin makarantar da muke zaune shi na roƙa ya rubuta mini. Ina gaida ke, ina gaida Alhaji da jiki. Allah ya ba shi lafiya.

Malama, zan hwaɗa miki yadda anka yi, ba ƙari ba ragi. Mun shiga lafiya. Mun iske rumbun ya rushe bisa wurin, shi ya ɗauke mu lokaci, sai da munka kwashe ƙasa da fartanya muna yi kamar yankan dawa muke. Da munka tono ƙarfen, ƙaninki ya goge gefensa da riga, ya duba lambar, ya zauna ƙasa yana hawaye yana dariya. Ya ce ko tsatsa bai yi ba.

Wajen fitowa munka iske mutanen dajin a mashigar rafi. Sunka sauke rabonsu na dawa, ba su kai ƙasan amalanke ba. Sunka tambaye ni wane ne wanga, na ce ɗan ƙodago na ne. Sunka duba hannunsa, sunka ce mu wuce. Wallahi mun wuce, Malama, shanu sun riga sun sa ƙafa a ruwa.

Akwai ɗaya daga cikinsu gefen hanya yana ta bugun babur, ya ƙi tashi. Ya buga, babur ɗin ya yi tari ya mutu, ya sake bugawa. Na ga ƙaninki yana tafiya yana karkata kai. Na taka mishi ƙafa. Mai babur ɗin ya ce wa ɗan'uwansa fulogi ne ya lalace. Sai na ji ƙaninki ya ce, ba da ƙarfi ba ma, kamar mai magana da kansa, "Ba fulogi ba ne, mai ne ba ya sauka."

Babbansu ya ji. Ya ce ya zo ya nuna. Ƙaninki ya taɓa wani abu da ɗan yatsa, babur ya tashi bugu ɗaya. Babban ya yi murmushi ya ce sun daɗe suna neman irinsa, babura sun taru musu a daji ba mai gyara. Na roƙa, na ce su ɗauki shanun da dawar duka. Sunka ce ba shanu suke so ba, in kama hanya.

Ba su doke shi ba a gabana. Ya ce in gaya miki a kai ƙarfen Safana, a ajiye shi bisa katako, kada ya taɓa ƙasa. Ga shi nan na ɗora wa Nurain. Jibi zan koma yankan sauran dawa, in kina da saƙo zan nemi wanda zai miƙa.

Ki yi haƙuri. Na kai shi, ban maido shi ba.

Mati

Safana, ranar Litinin

Almu,

Salamu alaikum. Allah ya sa kana lafiya, Allah ya sa suna ba ka abinci.

Ƙarfen ya iso, yana kan katako yadda ka ce. Baba ya bi shi da hannu tun daga sama har ƙasa, ya ce shi ne. Sannan ya ce a kira ka ka ɗaura. Na ce kana hanya. Ya ce in sake faɗa, na sake, sai ya janye hannunsa.

Ya sa an rufe ƙarfen da tabarma, bai ƙara zancen motar ba. Yau ya ƙi zama a rumfa, ya ce a kai shi ƙofar gida. Yana can tun safe, duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai.

Ka gyara musu duk abin da suka ce, kada ka yi gardama da kowa. Muna jiranka.

Yayarka,
Mahfuza