Gonar Baba a Cikin Gilashi

Kibiya, ƙasar Rano,
17 ga Yuli, 1960.

Zuwa ga Yayana Zailani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a Ikko, kai da malamanka. Allah ya sa ka gama karatun da ya kai ka, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mu nan gida sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya wuce gwiwa. Iya tana nan ƙalau in ban da ciwon bayan nan nata, matata Saude kuma ta yaye Dije. Baba jiki da sauƙi, bakinsa ya saki, ana jin maganarsa sosai, amma hannun hagu da ƙafar suna nan yadda ka bar su. Bana ce damina ta farko da bai taka gona ba tun da ya yi wayo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne akwatin gilashin nan na kifi, wanda Baturen gona ya bar maka da zai koma ƙasarsu, kai kuma ka ba ni amanarsa. Ran wata Talata, mako huɗu ke nan, na dawo daga masallaci gari ya waye, na tsaya a zaure na duba shi da kyau, sai na ga ruwan ya yi kore kamar miyar kuka. Gansakuka ta lulluɓe gilashin, ta nannaɗe ganyayen shukokin da ke ciki kamar gashi. Kifi biyu cikin bakwai sun juya ciki sama, sauran biyar suna saman ruwa suna buɗe baki kamar masu neman iska. Na cire matattun na binne, ban gaya wa kowa ba. Da na sa hannu ƙasa cikin yashin, sai na tsinto kashin awaki har guda tara.

Saude ce ta faɗa mini gaskiya. Ta ce da zarar na tafi gona, Baba yakan sa ita da ƙanwarmu Jumai su jawo bencin da akwatin yake kai zuwa bakin zaure inda rana take bugawa, in la'asar ta yi su mayar. Wai cewa yake shekara sittin yana noma bai taɓa ganin shuka ta yi ƙarfi ba rana ba taki ba, kuma Bature ya san gilashi amma bai san ƙasa ba. Shi yake cusa takin da hannunsa mai lafiya. Tsaki kuwa sau uku yake zuba wa kifin, wai abin da ke hannunka ba a barinsa da yunwa.

Yaya, ka san Baba, ka kuma san ni. Da wane baki zan ce masa takinsa ne yake kashe kifi? Na kai maganar wurin Iya, ta ce in bi a hankali. Ta ce tun da aka ajiye akwatin nan kusa da tabarmarsa ya daina juya fuska bango. In manoma suka wuce da sassafe da fartanya a kafaɗa, sai ya kau da kai ya duƙufa kan gilashin yana ƙirga ganye. In na ɗauke shi, me na bar masa? In kuwa na yi shiru, sauran biyar ɗin ma tafiya za su yi.

Sai na tafi kududdufin bayan gari na zauna ina kallo. Gefen da shanun Lado suke shiga su sha su yi kashi, rana na dukansa wuni guda, kore ne shar. Gefen da yake ƙarƙashin inuwa, inda kainuwa ta rufe, ruwan garau har kana ganin tsakuwa. Na ga ƙananan katantanwa suna bin dutse, duk inda suka bi sai su bar hanya fes. Na ɗebo uku, da kainuwa biyu, na sa a akwatin. Kwana biyu-biyu nake kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, in maye shi da ruwan sama da ya kwana a randa. An sami ɗan sauƙi, amma tufka da warwara muke yi: in rage da safe, Baba ya ƙara da hantsi.

Da na ga haka sai na samo kwalabe biyu na cika su da ruwa iri ɗaya. Ɗaya na jefa mata kashin akuya na ajiye a rana, ɗayar na bar ta haka nan a inuwa, duka inda idon Baba zai kai. Ban ce masa komai ba, shi ma bai tambaya ba. Kwana shida ta rana ta yi kore, ta inuwa kuwa kamar yanzu aka ɗebo.

Ran Juma'a da safe ya ce in miƙo masa su. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya daɗe yana dubawa. Can sai ya ce ashe ciyawa yake ta yi wa hidima. Gona tafin hannu ya ba ta takin da zai ishi fage guda, kuma ko yaro ya san in taki ya fi ƙarfin shuka, ciyawa ce take ci. Ya ce kada in zaci bai san kifi sun koma biyar ba, hannu ne ya mutu ba ido ba. Ya yi 'yar dariya ya ce Allah ya nuna masa ranar da ɗansa zai koya masa noma da kwalba.

Tun daga ranar benci bai ƙara barin inuwa ba, haske kaɗan ne yake samu ta ƙofa. Taki an daina. Tsaki sau ɗaya ne, gwargwadon abin da za su cinye nan take. Na ɗaura masa tsumma a bakin kara, kullum da safe yana goge gilashin da shi, yana kuma nannaɗo gansakukar da ta kama ganye. Shi noma yake kiran wannan. Jiya ya ce ya gama na fari, yanzu maimai yake yi. Ruwa ya washe, shukoki biyu sun fitar da sabon ganye, kifi biyar ɗin suna nan lafiya.

Ka gaishe mini da Kawu Ja'afaru da Inna Barira da suka riƙe ka, da Asma'u da ƙannenta. Iya, Saude da Jumai duk suna gaishe ka.

Saura magana ɗaya. Niyyata ita ce in rubuta maka cewa kifin a hannuna suka mutu, tunda ni ka ba amana. Baba ya ƙi. Ya ce amana ba ta san uba da ɗa ba, kuma ba zai je gaban Allah da ran kifi biyu a rataye a wuyan wani ba. Ya sa aka kira mutane zaure, ya cire hularsa ya ajiye a cinya, ya ce in rubuta maka haka: shi ne ya kashe maka kifi da hannunsa, bisa rashin sani, kuma yana roƙonka ka yafe masa. Ban taɓa jin Baba ya roƙi ɗansa gafara ba sai ran nan. Ka ba da amsa da wuri, don kullum yana tambaya ko takarda ta tafi.

Ba ni kaɗai na ji ba. Iya tana bakin ƙofa, Saude tana zaune da Dije a cinya, Malam Ramalan maƙwabcinmu yana nan, haka ma Lado mai shanu.

Ni ne ƙaninka,
Ishiyaku.