Tubalan da Ke Garejinmu

Anti Odessa, ki taimake ni. Tun ranar da na shiga garejinmu neman kaskon suyar kifi, na ɗaga tamfol na ga jajayen tubala a jere, hankalina bai sake kwanciya ba.

Na san su. Na tsohon ɗakin taron kwalejinmu ne, wanda 'yantattun bayi suka gina a nan jihar Alabama ta Amurka lokacin da ba makarantar da ke karɓar baƙar fata. Ɗalibai ne suka buga su da hannu, har yau shatin yatsunsu na jiki. Kakar kakata na cikinsu. A gindin bangon nan mijina Lamont ya fara cewa yana sona, ni kuwa da ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, na ɗauka na kai shafin ƙarshe.

Lamont magini ne, yana cikin masu gyaran ginin. Da na tambaye shi sai ya yi dariya, wai ɗan kwangila zai zubar da su a bola ne, shi ceto yake yi. To mai ceto yana rufe abu da tamfol? Kuma wane ne mai farar motar nan da ke zuwa suna ƙus-ƙus, ko gaishe ni ba ya yi? An ce masu hali na sayen irin tubalan nan su ƙawata falonsu. A littattafaina, namiji mai irin wannan dariya bai taɓa fita da gaskiya ba. Wataƙila ina ɗaukar alhakinsa. Amma na yanke shawara: ranar Lahadi bayan coci zan kai maganar gaban kwamitin tsofaffin ɗalibai.

Matar Magini

'Yata, mugun cikin littafi marubuci ne ya zaɓe shi. Naki mijin ba ki gama karanta shi ba. 'Yan kwangila na zubar da tsohon tubali, kuma mai tsoron kora daga aiki ma yakan ɓoye abu. Amma zarginki ba na banza ba ne. Ko ceto ne ko sata, tubalan nan na makaranta ne, ba na garejinku ba.

Kada ki kai shi ƙara a bayan idonsa. Sunan magini in ya ɓaci a ƙaramin gari, ba ya gyaruwa. Kafin Lahadi ki ce masa ku loda su ku kai wa kwamiti tare. Mai ceto zai riga ki ɗaukar makullin mota. In ya fara kame-kame, ki tafi ke kaɗai, kin fita haƙƙinsa.

Allah ya tsare miki gidanki, ya bar bangon nan a tsaye.