Filafilin Baba

Doka, Kaduna
3 ga Agusta, 1974

Yaya Zakari,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da keken ɗinkinka da ya hana ka zuwa gida.

Maganar Baba ce. Ka tuna dutsen nan na bakin mashigi, wanda in ruwa ya rufe kansa Baba ba ya yin fito da kwalekwalensa ko wa zai haye? To, masu ɗiban yashi sun farfasa shi, sun zuba gangaren siminti don motocinsu. Yanzu ba shi da abin auna kogi sai idonsa, idon kuwa ka san yadda ya koma. Jiya ni ya gaisar da sunan maƙwabciya! Kogi kullum ƙaruwa yake, shi kuma kullum yana cikin kwalekwale. Na yi magana, ya ce yaushe aka haife ni. Wallahi tsoro nake ji. Ka zo, kai yake jin maganarka.

Ƙanwarka,
Uwani

Tudun Wada, Zariya
11 ga Agusta, 1974

Zuwa ga ƙanwata Uwani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga takardarki. Aiki ya yi mini yawa, ba zan samu zuwa ba sai bayan salla. Shawarata ita ce ki ɗauke filafilinsa ki ɓoye. Wanda ba shi da abin tuƙi dole ya zauna gida. Zai yi faɗa kwana biyu ya huce. Ki gaishe shi da kyau.

Yayanki,
Zakari

Doka, Kaduna
25 ga Agusta, 1974

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ɗan aike ya iso maka, amma ni zan gaya maka yadda aka yi.

Na ɓoye filafilin kamar yadda ka ce. Ya yi faɗa, ya huce, har na fara murna. Kullum sai ya je mashigi ya zauna kawai. Ranar Laraba wata mata ta yi ta kira daga tsallake, ɗanta ba lafiya. Ka san Baba da kira. Ya kwance kwalekwale, ya ɗauki gorar nan da yake dogarawa da rani. Masu yashi sun ce da ya kai tsakiya ya soka gorar, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya sake sokawa. Daga nan ruwa ya juya da shi. Sun ce da filafili ne a hannunsa da ya fita.

An same shi ƙasa da gadar jirgi. Na kasa cin abinci, Yaya.

Uwani

Zariya
28 ga Agusta, 1974

Uwani,

Allah ya jiƙan Baba. Kwanansa ne ya ƙare. Ni na ba da shawarar, kada ki ɗora wa kanki. Ina tafe Juma'a ta sama. Me zan zo miki da shi?

Zakari

Doka
30 ga Agusta

Yaya,

Kada ka zo da komai. Filafilin yana nan ƙarƙashin gadona. Ka zo ka fitar da shi, ni na kasa share ɗakin.

Uwani