Jarumin Ya Yi Tumbi

Zuwa ga Yaya Bala,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya aiki, ya mutanen gida? Inna na gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Ka tuna fim ɗin jarumi mai tashi sama, wanda kake busa kiɗansa da baki cikin kwalekwale har Wara? Anka ce sabonsa ya zo gidan bidiyon Yelwa, na ɗauki ɗanka Sani munka tafi. Yaya, abin ƙyama! Jarumin ya yi tumbi, ga igiyar da anka rataye shi da ita kowa na gani. Kiɗan kuwa an goge, an ɗora tallan maganin basur.

Sani ya ce, "Baffa, wanga ne Baba ke yabo?" Sai ka zo ka wanke kanka.

A gaida Yaya Hauwa, a sa mu addu'a.

Ƙaninka,
Ummaru