Waakyen Amama

Takoradi

Madam Hamdia,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Maamobi?

'Yata Nasira ta kira ni tana kuka, wai 'yan ajinsu sun yi mata gyara a wasan kwaikwayon da kike sa su yi da Turanci. Don Allah ki cire min ita. Tare muka zauna ajin Ticha Kadiri a Nima, na san zafin abin. Ranar da na fito sarki da rawanin labulen gidanmu na ce "my mother, he", ke kika fara dariya. Yarinyar nan marainiya ce, kukan bara ya ishe ta.

Ki gaida Alhaji.

Alidu

Maamobi

Baban Nasira,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya.

Ashe har yau rawanin nan bai sake ka ba! Ai dukanmu haka muke, a Hausarmu ta Zongo mace da namiji duk "shi" ne. To bayan nan wa ya fi ka baki? Da Turancin Ticha Kadiri kake cin abinci yau. Allah ya jiƙansa. Wallahi ina kewar bencinan da muke harhaɗawa mu yi dandamali.

Ga abin da ya faru. Na ce kowa ya kwaikwayi wanda yake so. Nasira ta ɗaura zanen mamarta, marigayiya Amama, ta ɗauki ludayin zuba shinkafa da wake, ta ce, "My mother sells waakye." Da aka zo gyaran juna, ɗan ajinsu Husseini ya ɗaga hannu: "Madam, ai sold ne, tun da mamanshi ya rasu." Ba mugunta ba ce, darasin da muka yi kan abin da ya wuce ya riƙe.

Washegari yaran suka yi zamansu ba da ni ba. Suka yanke cewa duk wanda aka kwaikwaya, a cikin wasa yana raye, saboda haka sells daidai ne. Husseini ma ya roƙi a bar shi ya fito mai sayen waakyen. Asabar za su yi a gaban iyaye. In har yanzu kana so, zan cire ta.

Ka huta lafiya.

Hamdia

Takoradi

Hamdia,

Salam. Ki bar ta. Ina nan tafe Asabar, in Allah ya so. Ki sama min wuri can baya inda ba za ta ga fuskata ba. Ni ma har yau bakina bai iya sold ɗin nan ba.

Na gode.

Alidu