Littafin Malama Lubabatu da Aka Ɗinke da na Wani

Daga: Rahina Mamuda,
Mai aikin sa-kai, Ɗakin Karatu na Haske,
Ƙauran Namoda.

21 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga: Alhaji Sha'aibu Maitama,
Shugaban Kwamitin Tantance Littattafai,
Ɗakin Karatu na Haske.

GAME DA: Hukuncin kwamiti a kan littafin "Tafiyar Saudat Kasuwar Shinkafi"

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kamar haka:

1. Ranar Asabar, 5 ga Oktoba, kwamiti ya zauna a kan littattafan soyayya da barkwanci da mata ke ara a wurinmu. Ya cire guda ɗaya, wanda Malama Lubabatu Jatau, malamar makarantar 'yan mata a nan garin, ta rubuta. Rahoton ya ce labarin ya fara da raha, ya ƙare da batsa a ɗakin otal.

2. Ranka ya daɗe, babu otal a littafin nan. Sau uku na karanta shi. Labarin motar haya ce da ta lalace kusa da Katuru, Saudat da sauran fasinjoji suna turi, akuyar wata tsohuwa tana cin takardun direba. A ƙarshe magabatan direban ne suka je gidan su Saudat neman aure.

3. Ga yadda aka yi. Littattafanmu hannu da hannu suke yawo a gidaje har su ɓaɓɓalle, sai mu tara su mu kai wa tela ya ɗinke bayansu da keken ɗinki. A watan Agusta ni na kai guda takwas a leda ɗaya. Girmansu ɗaya, takardarsu iri ɗaya. Sai ya ɗinke rabin farko na littafin Malama da ƙarshen wani littafi da bangonsa ya ɓace. Daga shafi na 46 aka tsallaka zuwa na 71, kuma daga nan ba a sake ambaton Saudat ba. Telan ba ya karatun boko. Ya ce in duba kafin in tafi, ban duba ba.

4. Ina wurin zaman, ni ce mai rubuta bayani. Wani mamba ya ce irin waɗannan littattafai duk ɗaya ne, shafin farko da na ƙarshe sun isa a san halinsu. Aka yi dariya. Na hango baƙin zaren tela a bayan littafin, na gane abin da ya faru, amma na kasa buɗe baki a gaban manya. Na sunkuya na rubuta hukuncin da hannuna.

5. Ranar Juma'a, 11 ga wata, aka manna rahoton a ƙofar ɗakin karatu, aka ɗauki hotonsa, ya bazu a wayoyi. Shugaban makarantarta ya ce Malama ta zauna gida har taron iyaye na Asabar, 26 ga wata, inda za a yanke ko za ta ci gaba da koyarwa. Na je na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi jikin mahaifiyata, sannan ta tambaya ko cikin mambobin akwai wanda ya karanta har wurin akuyar.

Saboda haka ina roƙo da ladabi: kwamiti ya karanta wani cikakken kwafin littafin da na haɗo da wannan takarda, ya janye rahotonsa, ya manna gyara a ƙofar da ya manna na farko, kuma ya rubuta wa shugaban makarantar kafin ranar 26. Ina kuma roƙon kada a tuhumi telan. Idan akwai hukunci, a kaina ya dace. Idan ana buƙatar shaida a taron iyaye, a sa sunana, zan tashi in yi bayani.

Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Taka mai biyayya,
Rahina Mamuda