Wurin Da Kake Bari A Cikin Kiɗa

Zuwa ga yayana, Sule mai kukuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a inda kake kwance. Na san wasiƙa ba ta isa kabari. Ko da tana isa ma, cewa za ka yi in taƙaita, kana da abin yi. To yau dai ba inda za ka, sai ka yi haƙuri ka saurare ni. Na rubuta ta a fili ne don masu sauraron kiɗanmu su gani, su ma ai rashinka ya shafe su.

Albishirinka, Ummi 'yarka ta yi aure, ta tare a Miga. Kafin bikin abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Baffa, ku kaɗa mini kiɗan Baba, in ji kamar yana wurin." Na yi dariya na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, tare muka ƙirƙire shi. Wallahi Yaya, saura kaɗan in ji kunya a gaban yarinyar nan.

Ka tuna yadda muka fara a bakin gulbi. Ruwa ya ja baya, masunta sun kifa ciki a kan manyan gorunansu suna yawo a fadama, mu kuma muna zaune a gaɓa, kai da kukumarka, ni da tsohon goran mahaifinmu da ya tsage ya daina iyo. Shi nake bugawa da tafin hannu, shi ya sa mutanen Haɗeja suka sa mana suna 'Yan Gora. Kiɗan naka bugu biyu ne, sai a tsaya, sannan a ci gaba. Duk lokacin da na yi gaggawa na cike wurin tsayawar, sai ka zungure ni da ƙafa ka ce, "Haladu, bar wa kifi wuri." Ka ce haka masunci yake yi, ya bugi ruwa, ya sake bugu, sai ya dakata ya ɗaga komarsa ta kamun kifi ya ga abin da Allah Ya ba shi.

Sai abokinmu Audu Dogo ya dawo daga Maiduguri da jita a rataye. Ka karɓe ta ka juya, ka leƙa cikinta, ka ce, "Wannan ai gurmi ne da ya yi boko." Na ɗauka korarsa za ka yi. Kafin damina ta kewayo, kukumarka da jitarsa sun saba, ɗaya ta yi kira ɗaya ta amsa. Dattawa suka ce mun lalace, amma na sha ganin ƙafar Bulaman ƙauyenmu tana motsi a ƙarƙashin babbar riga.

Daga nan aka samu janareto da lasifika, aka sayo gangunan Turawa, goran nawa ya koma gefe, sai in taɓa shi a farkon waƙa kawai. Muka riƙa zuwa biki Jahun, mu wuce Miga, mu dawo a bayan motar kaya muna rungume da kayan kiɗa. Sautinmu ya yi kauri, ya yi ƙarfi, samari suka fara tsalle maimakon rausaya. Ba ka taɓa hana komai shiga ba. Abu ɗaya ka tsare, wurin tsayawar nan. Idan yatsun Audu suka yi ƙaiƙayi suka leƙa cikinsa, harara ɗaya kake yi masa ya janye.

Bayan rasuwarka ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa kukumar. Matarka Hansai ta naɗe ta a zani ta rataye a ɗakinta. Muka ɗauki mai fiyano, shi yake kwaikwayon muryar kukumar, kuma ba laifi yana ƙoƙari. Amma duk lokacin da muka zo wurin tsayawa, shirun sai ya yi mini nauyi, don a nan ne nake jin ba ka nan. Ba wanda ya zauna ya ce a cike shi. Yau Audu ya sa ɗan ado, gobe mai fiyano ya ƙara, mai ganga ya bi su. Da muka fara ɗaukar waƙa a situdiyo a Kano, kwamfuta ta daidaita bugun ya zama sumul. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi daɗi. Ana jin mu a wayoyi har inda ba mu taɓa takawa ba, iyalanmu suna ci suna sha. Gulbin ma ai ba yadda ka bar shi yake ba, ciyawar kacalla ta cinye gaɓar da muke zama.

Ka san halin Hansai. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kiran sunanka ba, har yau "shi mai gidan" take cewa. Idan na tsokane ta irin tsokanar ƙanin miji na ce wace waƙarmu ta fi so, sai ta taɓe baki ta ce, "Ni ina ruwana da hayaniyarku?" Ba ta taɓa zuwa wurin da muke wasa ba. Duk da haka, da muka sake ɗaukar kiɗanka saboda bikin Ummi, ita na fara kai wa.

Na same ta tana sheƙar shinkafa a tsakar gida. Na kunna wayar na ajiye a kan tabarma, na harɗe hannu ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "Da daɗi kam, Haladu. Na su wane ne?" Na yi dariya, na ɗauka ramuwar tsokana ce. Da na dubi fuskarta sai na ga tambaya take yi da gaske. Yaya, tun ranar jana'izarka ban ji abin da ya soke ni kamar wannan tambayar ba. Idan uwar ba ta gane ka a ciki ba, me zan kai wa 'yar?

Muka shiga gyare-gyare. Muka cire fiyano, na kai mata, ta girgiza kai. Muka ɗauko wani mai kukuma daga Jahun, gwani ne, ya zuba mana abin da ya iya. Ta saurara ta ce, "Wannan ma baƙo ne." Na ce to ki faɗa mana abin da ya ɓace mana, ta ce ita ina ta san kiɗa. Audu ya ce ko dai mu haƙura mu gaya wa Ummi gaskiya. Na kasa. Yarinyar tana ganina sai ta yi murmushi ta ce, "Baffa, ana nan ana shiri ko?"

Biki ya matso, aka aike ni garin Baturiya sayo bandar kifi ta miyar baƙi. Ina jiran mai bandar ya ɗaure mini kaya, sai na hangi wani masunci a kan goransa a tsakiyar ruwa. Ya bugi ruwa, ya sake bugu, sai ya tsaya cak ya ɗaga koma. Ba komai a cikinta, amma ya tsaya ɗin. Na ji kamar ka zungure ni da ƙafa.

Ana gobe ɗaurin aure na tara mutanenmu a zauren gidanka bayan la'asar, inda ka saba gwaji. Na fito da tsohon goran nan. Na ce kowa ya kaɗa abin da ya saba, jita da fiyano da ganguna, amma idan aka zo wurin, kowa ya ɗauke hannunsa. A cikin gida mata sun cika, ana ta dakan geron fura.

Muka fara. Da muka tsaya na farko ba abin da aka ji sai kukan kaza, Audu har ya ciji leɓe don kada yatsunsa su ci amanarsa. Muka sake zagayowa, muka tsaya. Sai daga bayan katanga taɓarya ta sauka a turmi, dim, daidai cikin shirun. Muka ci gaba, muka tsaya, ta sake sauka. Ba ta riga mu ba, ba ta makara ba. Na miƙa wuya na leƙa ta ƙofar zaure. Hansai ce. Ta karɓe taɓaryar daga hannun wata maƙwabciya, kanta a sunkuye, ba ta kallon kowa.

A nan na tuna cewa ba ka taɓa yarda mu yi gwaji da safe ba, ko a gidan Audu, ko a gidana. Kullum sai a zaurenka, kullum sai bayan la'asar, lokacin da take daka. Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka zafin rana kake gudu.

Da muka gama ta jingine taɓaryar ta shige ɗaki. Jim kaɗan ta fito da kukumarka a naɗe cikin zaninta, ta miƙo mini ta ce, "Ungo, ka ba wanda ya iya. Kai kada ka taɓa ta da wannan hannun naka na dukan gora." Idanunta sun yi ja. Na ce me ya same su, ta ce ƙaiƙayin gero ne, in wuce in ba ta wuri.

Washegari muka kaɗa wa Ummi. Mai kukumar Jahun ya riƙe taka, jita tana nan, fiyano yana nan, ba abin da muka zubar daga abin da muka tara a hanya. Da muka zo wurin tsayawa na farko, na ga Ummi ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Daga baya ta aiko ƙawarta ta ce a gaya wa Baffa, Baba ya zo.

Ashe Yaya, ba kifi kake bar wa wuri ba. Ka yi mana wayo shekara da shekaru, kai da matar da ba ta sauraron hayaniyarmu. Na yi maka alkawari, ko me za mu ƙara a kiɗan nan gaba, wurin yana nan a buɗe, don mai shi tana raye.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kurakuranka. Allah Ya ba Ummi zaman lafiya a ɗakinta, Ya ƙara wa Hansai lafiya da nisan kwana. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.

Naka ƙanin da har yanzu yake gaggawa,
Haladu mai gora, Haɗeja